Ina so in fara kamun kifi da fatsa don hutawa: ta ina zan soma?

Sabon Shiga, Kano

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawa da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ma'aikacin ofis ne a nan Kano, shekaruna sun haura arba'in, kuma tun da nake ban taɓa riƙe ƙugiya da niyyar kama kifi ba, domin iyakacin sanina da kifi shi ne wanda ake soyawa a bakin titi da wanda uwargida take sa wa a miya. A watan jiya wani aiki ya kai ni wajen Tiga, da na gama sai na tsaya a bakin dam da la'asar sakaliya, na tarar da wani dattijo zaune a kan dutse da 'yar sandarsa, ya zuba wa ruwa ido, ko motsin kirki ba ya yi. Na fi rabin sa'a ina kallonsa, a gabana ya ciro karfasa uku, kuma tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Dama likita ya daɗe yana ce mini in nemi abin da zai riƙa fitar da ni daga hayaniyar gari saboda hawan jini.

Ba sana'a nake so in mayar da abin ba, so nake ya zama hutun ƙarshen mako. Matsalar ita ce da na shiga intanet neman bayani sai kaina ya ƙara ɗaurewa, domin duk bidiyon da na buɗe Turawa ne da sanduna masu na'urar naɗe zare da akwatuna cike da kifayen roba, suna kama irin kifin da ban taɓa gani a ruwanmu ba. Saboda haka nake neman wanda ya san abin a ƙasarmu ya yi mini jagora. Wane kaya ya kamata in saya da farko, kuma wanne ne ɓarnar kuɗi? Me ake sa wa a ƙugiya? Shin mutum zai iya zuwa bakin kowane dam ya jefa fatsarsa, ko akwai wanda ake neman izininsa? Wane lokaci ne kifi ya fi ci? Sai kuma abu biyu da ya kamata in faɗa tun yanzu: ban iya iyo ba, kuma ɗana mai shekara 12 ya ce ƙafata ƙafarsa. Na gode.

Jikan Sarkawa, Yawuri

Wa alaikumus salam. Malam, barka da wannan niyya. Ni a gidan su aka haife ni, kakana Basarke ne, wato daga Sarkawa masu sana'ar su, mahaifina ma a ruwa ya ƙare rayuwarsa, kuma ko da yake aikin koyarwa ya ɗauke ni, har gobe idan na samu hutu fatsa nake ɗauka. Zan fara da tambayarka ta uku, domin ita ce ya kamata ta zo farko, kuma ita ce bidiyon Turawa ba zai taɓa amsa maka ba.

Ruwa a ƙasar Hausa yana da masu shi. Kusan duk wani dam ko tafki ko gulbi da ake su a cikinsa akwai Sarkin Ruwa ko shugaban masunta, kuma ko a Argungu, inda dubban mutane ke faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora tun da aka fara bikin a 1934, ba wanda yake tsoma ƙafa sai an ba da izini. Saboda haka ranar da ka fara zuwa, kada ka wuce kai tsaye bakin ruwa. Ka nemi inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu, ka yi sallama, ka tambayi shugabansu, ka gaishe shi da ɗan goro, ka gaya masa gaskiyar abin da ya kawo ka, wato kai baƙo ne, kana so ka koyi fatsa don hutawa, ba ka zo raba su da abincinsu ba. Idan kuma dam ne da ke da masu gadi na hukuma, su ma ka yi musu magana, domin akwai wuraren da aka hana kowa zama, musamman kusa da bangon dam da ƙofofin sakin ruwa. Wannan gaisuwar za ta amfane ka fiye da duk kayan da za ka saya. Su ne suka san inda suka shimfiɗa kalli (ragar da ake kafawa a ruwa) da mamari (dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa) da gura (tarkon kifi), waɗanda idan ƙugiyarka ta sarƙe a cikinsu ka jawo wa kanka rigima, su ne suka san gaɓar da ke zaftarewa, su ne kuma suka san inda kifi yake kwana a wannan watan. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

Game da kaya, shawarata ita ce ka bi sawun dattijon nan da ka gani. Ka samu sandar gora siririya, busasshiya, mai tsawon kamar mita uku ko huɗu, wadda bakinta ke lanƙwasa ba tare da ya karye ba. Ka ɗaura mata zaren lailon na kamun kifi wanda tsawonsa bai wuce na sandar ba, domin idan ya fi ta tsawo ba za ka iya ɗago kifin zuwa hannunka ba. A ƙarshen zaren ka ɗaura ƙaramar ƙugiya, sama da ita da kamar taƙi ɗaya ka matse 'yar dalma wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, sannan can sama ka sa alamar da za ta riƙa yawo a kan ruwa. Mu da totuwar kara muka koya, yaran yanzu guntun tsohon silifa suke yankawa, kuma duka biyun suna aiki. Abin lura shi ne alamar ta zama ana iya matsar da ita sama ko ƙasa a jikin zaren, domin da ita ake saita zurfin da ƙugiya za ta tsaya. Duk wannan kayan, naka da na yaronka, bai kai kuɗin man da za ka sha zuwa Tiga ba.

Kifin da za ka fara da shi karfasa ce, wadda wasu ke kira gargaza. Tana da yawa a madatsun ruwan Kano, tana zuwa kusa da gaɓa, tana son gefen ciyawa da duwatsu da itatuwan da ruwa ya shanye, kuma ba ta da wahalar sha'ani a hannu kamar wasu. Bakinta ƙarami ne, shi ya sa babban kuskuren sabon shiga shi ne sayen ƙatuwar ƙugiya da tunanin ita ce za ta kamo ƙaton kifi. Ƙaramar ƙugiya tana kama babba da ƙarami, babbar ƙugiya kuwa sai dai ta ciyar da ƙananan kifaye kyauta. Abincin da ya fi kowanne shi ne tana. Ka haƙa a wuri mai danshi, kamar gefen lambu ko inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, ka zuba su a gwangwani da 'yar ƙasa mai laima, ka ajiye a inuwa. Ka zura tanar a jikin ƙugiya har ta rufe ta, ka bar ɗan wutsiya yana motsi. Idan babu tana, gara da shinge da ƙananan fara suna yi, haka ma ƙullin fulawa ko cikin burodi da aka murza ya yi danƙo.

Akwai dabarar da muke yi wadda take rage zaman banza. Kafin ka jefa fatsa, ka jiƙa dusa, ka haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, ka cura dunƙule biyu ko uku, ka jefa a daidai inda ƙugiyarka za ta sauka. Ƙamshin zai tara kifi. Kada ka cika, domin kira kake yi, ba walima ba.

Daga nan sai karatun alama, wanda shi ne ainihin fatsa, kuma ba a koyonsa sai da zama. Idan ka ga tana ɗan rawa tana tsalle-tsalle, yawanci ƙananan kifi ne irin su kawara suke tsattsagar tanar, kada ka ja. Idan ta nutse gaba ɗaya, ko ta kama tafiya gefe guda a hankali kamar ana janta, to kifi ya ɗauka, sai ka ɗaga sandar da wuyan hannu, ɗagawa ɗaya mai kaifi amma ba ta ƙarfi ba. Masu koyo sukan fizga da dukan ƙarfinsu har ƙugiya ta tashi sama ta faɗa bayansu, ko ta yage leɓen kifin. Ka zauna shiru, kada inuwarka ta faɗa kan ruwan da kake fatsa, kada yaro ya riƙa buga ƙafa a gaɓa, domin kifi yana jin girgizar ƙasa ta cikin ruwa. Ba banza Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma ba.

Mai Sandar Zamani, Kaduna

Na karanta bayanin malaminmu na Yawuri, kuma maganar gaida masu ruwa ba ni da abin ƙarawa a kanta. Inda na ɗan saɓa da shi shi ne batun sanda. Sandar gora tana da kyau ga yaron, kuma tana da kyau ga karfasar bakin gaɓa, amma iyakarta tsawonta. A bazara, lokacin da ruwa ya ja baya, gefen dam yakan zama taɓo da ruwa marar zurfi, kifin kirki yana can ciki, kuma mutumin da bai iya iyo ba bai kamata ya shiga ruwa yana neman kusantarsa ba. A nan ne sanda mai na'urar naɗe zare take da rana, domin kana tsaye a busasshiyar ƙasa za ka jefa ƙugiya mita ashirin ko talatin. Ba sai mai tsada ba. Matsakaiciya mai tsawon mita biyu zuwa biyu da rabi ta isa, irin wadda na'urarta ke rataye a ƙarƙashin sanda, domin ita ce zarenta bai cika cukurkuɗewa a hannun mai koyo ba. Kifayen roba da cokulan ƙarfe masu walƙiya kuwa ka bar su tukuna. An yi su ne don kifaye masu farauta irin su giwan ruwa da tsage, kuma waɗannan ba karatun aji ɗaya ba ne: giwan ruwa tana iya haura kilo 100, tsage kuma haƙoransa suna datse lailon sai an sa waya a gaban ƙugiya.

Akwai abin da ke rikita kowa a wurin saye, wato lambar ƙugiya. Ƙa'idar ita ce idan lamba ta ƙaru ƙugiya tana ƙanƙancewa, saboda haka lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Idan aka sauko zuwa lamba 1 sai lissafin ya juya, a shiga 1/0 da 2/0 da 3/0, waɗanda su kuma girma suke yi. Karfasa tana son tsakanin 10 da 12, tarwaɗa kuma daga 4 zuwa 1/0 gwargwadon girmanta. Da yake kamfanoni suna ɗan bambanta a awonsu, ka yi amfani da idonka: ƙugiyar karfasa kada ta wuce farcen ƙaramin yatsanka. Shi ma zare da kaurinsa ake sayensa. Milimita 0.20 zuwa 0.25 ya wadatar ga karfasa, 0.30 zuwa 0.40 ga tarwaɗa.

Ka koyi ƙulli ɗaya tak tun a gida, domin ƙullin da muke yi wa igiya zamewa yake yi a lailon. Ka zura zaren ta idon ƙugiya, ka naɗa bakinsa a jikin dogon zaren sau biyar ko shida, ka dawo da shi ta 'yar kafar da ta samu kusa da idon, ka sake zura shi ta babbar kafar da ka yi yanzu, sannan ka jiƙa da yawu kafin ka ja ya matse. Jiƙawar ba camfi ba ce, zafin gogayya ne yake raunana lailon idan a bushe aka ja shi. Kifi na farko mai girma da na taɓa samu a ƙulli na rasa shi, kuma har yau ina tuna yadda bakin zaren ya dawo mini a murɗe kamar wutsiyar alade. Haka kuma a saman na'urar akwai abin murɗawa da ke aiki kamar birki. Kada ka ɗaure shi tamau, ka bar shi yadda idan kifi ya ja da ƙarfi zare zai saki kafin ya tsinke.

Idan hannunka ya faɗa da karfasa, sai ka gwada tarwaɗa. Ita a ƙasan ruwa take kiwo, kuma da ƙamshi da gashin bakinta take neman abinci ba da ido ba, saboda haka ba a sa mata alama: dalma mai ɗan nauyi za ka sa, ƙugiya ta kwanta a ƙasa, ka ɗame zaren, ka kafa sandar a kan reshe mai baki biyu, ka riƙa kallon bakin sandar. Hanjin kaza da hanta da tana mai yawa duk tana ci, har da guntun sabulun soda, wanda masunta da dama suke sa wa a mamari.

Batun lokaci kuwa, daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana, su ne lokutan cin kifi a yawancin shekara. Hunturu ne ya fita daban, domin ruwa yakan yi sanyi, karfasa ta yi nauyin jiki, sai rana ta ɗaga sosai take fara ci. Farkon damina tarwaɗa takan haukace da ci tana bin sabon ruwa zuwa cikin ciyawa inda take ƙwai, amma lokacin ne kuma gulbi ya fi haɗari.

Ma'aikaciyar Lafiya, Haɗeja

Yallaɓai, ni ban iya fatsa ba, amma na shekara da shekaru ina karɓar waɗanda ruwa ya turo mana asibiti, kuma abin da ya sa na sa baki shi ne kalmomi biyu da ka faɗa a ƙarshe, cewa ba ka iya iyo ba kuma da yaro za ka je. Ina roƙonka ka saya wa kanka da shi rigar kariya daga nutsewa kafin ka sayi sanda, ku kuma sa ta ko da a gaɓa kuke zaune, domin gefen dam ba kamar gefen rafi ba ne, taku ɗaya yakan raba ruwan idon sawu da ramin da ya shanye mutum. Kada ka yarda a ɗauke ku a kwale-kwale don a kai ku inda kifi ya fi yawa, komai kirkin mai tayin. Mutanen Kano ba su manta da haɗarin jirgin ruwan Bagwai na ƙarshen 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa yara ne 'yan makarantar Islamiyya. Idan kuma hadari ya haɗo ana walƙiya, ku naɗe kaya ku bar wurin, domin mutumin da ke tsaye a fili riƙe da doguwar sanda ya zama abin da tsawa ke nema.

Abu na biyu shi ne tsargiya, wadda mutanen birni suka ɗauka ciwon yaran ƙauye ne. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya da ciyawa, irin na madatsun ruwa da hanyoyin ban ruwa na Kura da Kadawa da fadamunmu na nan Haɗeja, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Tsayuwa a ciki ko wanka ko wanke ƙafa ya isa, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana. Saboda haka ku sa dogon takalmin roba irin na manoman shinkafa, kada yaron ya yi wasan ruwa, ku kuma tafi da ruwan shanku da na wanke hannu daga gida. Idan bayan makonni ko watanni aka ga jini a ƙarshen fitsari, a je asibiti a faɗi cewa an yi hulɗa da ruwan dam. Maganinta sananne ne, praziquantel, kuma yana aiki, matsalar tana ga wanda ya bar ta ta daɗe.

Sai raunuka. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya mai kaifi a fukafukan gefe, ƙurungu har da ta gadon baya, kuma sukarsu tana da raɗaɗi ƙwarai. A kama su da tsumma, ta bayan ƙayar. Idan an samu suka, a wanke da sabulu, a tsoma wurin a ruwa mai ɗumi sosai gwargwadon yadda fata za ta jure, yana rage zafin. Idan ƙugiya ta shige nama har ƙayarta ta ɓace, kada a fizgo ta baya, a yanke zaren a tafi asibiti, a kuma karɓi allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora. Yaro ya tsaya nesa da kai duk lokacin da za ka jefa. Idan kuma ka ciro wani kifi mai taushin jiki, mai kumburi da ɗigo-ɗigo, marar ƙaya a baya, kada ka taɓa shi da hannu, minjirya ce, kuma wutarta tana iya jefar da babba.

Daga ƙarshe, ba kowane ruwa ake cin kifinsa ba. Kududdufan cikin gari da ruwan Jakara, wanda ke kwashe dattin birnin Kano, da sashen kogin Challawa da ke karɓar ruwan masana'antu, ba wuraren da zan so ka kawo wa iyalinka kifi daga cikinsu ba ne, ko da sun fi kusa da gida.

Almajiri, Zariya

Allah ya saka wa waɗanda suka gabace ni da alheri. Zan taɓo gefe ɗaya da ba a taɓa ba, tun da mai tambaya ya ce a bidiyon Turawa ya fara ganin abin, kuma a can al'adar da yawansu ita ce a kama kifi, a ɗauki hoto da shi, a mayar da shi ruwa. Halaccin kamun kifi a wurinmu ba abin shakka ba ne, domin aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa da abincinsa, hadisi kuma ya zo a Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, shi ya sa kifi ba ya bukatar yanka. Sai dai a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Abin da na fahimta daga wannan shi ne mutum ya gyara niyyarsa: ya fita don ya huta, ya kuma ci abin da ya kama ko ya ba wa maƙwabci, maimakon ya mayar da huda bakin dabba abin nishaɗi kawai. Hutun da likita ya umarce ka da shi ba ya cin karo da wannan ko kaɗan. Idan ka samu abin da ya ishi tukunya, sai ka naɗe zarenka ka ci gaba da kallon ruwa, wanda dama shi ne rabin abin da ya kai ka.

Ina kuma tunatar da kai cewa lokacin da aka ce kifi ya fi ci shi ne tsakanin la'asar da magariba, kuma fatsa tana da sa mantuwa. Ka tafi da darduma da butarka cike da ruwan gida, ka ga ka haɗa kiyaye salla da shawarar da Hajiya ta bayar game da tsargiya.

Jikan Sarkawa, Yawuri

Malam na Zariya ya yi gaskiya, sai dai kada a fahimci maganarsa a kan cewa duk abin da ya hau ƙugiya sai an kai shi gida. Karfasar da ba ta kai faɗin yatsu uku ba, mayar da ita ruwa gyara ne ba wasa ba. Ka jiƙa hannunka kafin ka riƙe ta don kada ka goge santsin jikinta, ka zare ƙugiyar a hankali, ka sake ta nan take. Haka idan ka kama wadda ka ga ƙwai ko 'ya'ya a bakinta, domin macen karfasa a baki take renon 'ya'yanta, kuma kashe ta kashe ɗaruruwa ne. Mu da muka taso a bakin Kainji, wanda aka kammala a 1968, mun ji daga iyayenmu irin kifin da ake samu a farkon shekarun tafkin, mun kuma ga yadda taru mai ƙananan idanu ya rage shi. Idan wani ya ba ka shawarar zuba gamalin (maganin ƙwari) ko magimfa (tsiro mai dafi ga kifi) a ruwa don kifi ya taso, ka guje shi, domin dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa da lantarki, kuma kifin gamalin guba ne ga mai cinsa.

Ɗan'uwana na Kaduna kuwa, na karɓi hujjarsa ta bazara. Amma ina nan a kan cewa wata ukun farko a yi su da gora, domin wanda bai iya karanta alama a mita uku ba, ba zai karanta ta a mita talatin ba.

Sabon Shiga, Kano

Ina yi wa kowa godiya, kuma na ga ya dace in dawo in ba da labarin yadda aka yi, tun da kun ɓata lokacinku a kaina. Ranar Asabar da ta wuce muka fita bayan sallar asuba, ni da yaron, da sandunan gora biyu, da gwangwanin tana da shi da kansa ya haƙa a bayan gida, da rigunan kariya da Hajiya ta wajabta mana, waɗanda su kaɗai suka fi sauran kayan tsada nesa ba kusa ba. Na yi yadda malamina na Yawuri ya ce, na nemi shugaban masunta na gaishe shi. Da farko ya ɗauka jami'in gwamnati ne ni, da ya gane abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce bai taɓa ganin wanda ya ƙona mai daga birni don ya zo ya yi abin da yaransa ke yi idan an aike su ba. Duk da haka ya haɗa mu da wani saurayi, wanda ya kai mu wata 'yar kwana mai ciyawa da inuwar itace, ya kuma nuna mana inda kallinsu yake don mu kauce masa.

Sa'a biyun farko ba mu kama komai ba. Alama tana ta rawa, ina ta ja, ƙugiya tana fitowa tsirara, har tanarmu ta kusa ƙarewa. Da saurayin ya dawo ya duba, sai ya ce ƙugiyata tana rataye ne a sama inda kawara ke wasa, ya matsar da alamar sama da kamar kamu ɗaya don tanar ta sauka kusa da ƙasa, ya kuma rage girman tanar da nake sawa. Ba a yi minti goma ba alamar yaron ta nutse, ya ɗaga, sai ga karfasa kamar tafin hannuna tana walƙiya a rana. Ihun da ya yi na tabbata ya kori sauran kifin wurin na ɗan lokaci. Kafin rana ta yi zafi mun samu karfasa shida, biyu ƙanana muka mayar, sai kuma ƙurungu ɗaya da ya zo a tawa, wanda na manta da maganar tsumma na cafke shi da hannu yana ta gurnani, ya kuwa soke ni a babban yatsa. Hajiya, ruwan ɗumin ya yi aiki, amma sai da na ji a jikina.

Da muka dawo uwargida ta dubi kifin a roba, ta tambayi nawa na sha mai, ta yi shiru, sannan ta soya mana su da yaji, kuma yaron bai bar kowa ya taɓa wadda ya fara kamawa ba. Shugaban masuntan ya ce idan muka koma zai sa a nuna mana wani rami kusa da gaɓa inda tarwaɗa ke kwanciya. Saboda haka ina da sabuwar tambaya ga ɗan'uwa na Kaduna: hanjin kazar nan, ɗanye ake sa shi a ranar da aka yanka, ko ana barinsa ya kwana ya ɗan yi wari? Kuma yaya ake ɗaura shi don kada ya zame daga ƙugiya wajen jefawa?